Wani Mai Yankan Makulli

A gidan rediyon ba mai kiranta da sunan yanka. Mai Shari'a ake ce mata, tun daga mai gadi har shugaban gidan, don ta daɗe tana ɗauko rahoto daga kotunan Musulunci, har ta kai in ta shiga zaure masinja kan share mata gefen bencin da ke kusa da taga ba sai ta roƙa ba. In abokan aiki suna musu a kan wanda ya ƙarar da madarar shayin ofis, sai wani ya ce a kai ƙara gaban Mai Shari'a. Ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi, sai ta ce an ɗage zama.

Abu biyu ta riƙe a aikinta, kuma ta riƙe su da gaske. Na farko, ba ta barin hukunci ya fita daga bakinta tsirara, sai ta yi masa bayani. Ba abin da ke ƙona mata rai kamar 'yan jaridar da ba a ganin ƙeyarsu a kotu sai ranar da suka ji ƙishin-ƙishin za a yi bulala, su zo da kyamarori suna ture mutane, su koma su rubuta abin da zai sa wanda bai san addinin ba ya riƙe baki. Na biyu, ba ta faɗin sunan wanda aka hukunta. A wurin mahaifinta, Allah ya ji ƙansa, ta koyi cewa mai rufa wa ɗan'uwansa asiri shi ma ana rufa masa nasa, sai ta ɗauko abin daga gida ta kawo shi gaban makirfo. Rahotanninta cike suke da wani magidanci, wata matar aure, wani direba. Edita ya yi faɗa har ya gaji, ya bar ta da halinta.

Shari'ar mai makullin ba wata babba ba ce. Wani tela ya kai makullin shagonsa a yanka masa na biyu. Mai yankan ya yanka biyu, ya ba shi ɗaya, ya soke ɗaya a aljihu. Ranar da ba kasuwa ya buɗe shagon ya kwashi dutsen guga da yadin mutane, mai gadi kuwa na kallonsa. A gaban alƙali bai yi gardama ba, ya amsa laifinsa yana kallon yatsun ƙafarsa. Aka kimanta kayan aka ga ba su kai nisabi ba, wato mafi ƙarancin abin da ake yanke hannu a kansa. Alƙali ya ce ya mayar da kaya, ya kuma yi zaman gidan yari na 'yan makonni.

Mai Shari'a ta ji daɗin wannan shari'a, ba don ɓarawon ba, don damar da ta samu. Kusan duk lokacin da aka ba ta ta ƙarar da shi wajen bayyana wa masu sauraro yadda alƙali ke bin sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya, da yadda yake neman kowace kafa don kada a kai ga yanke hannu. Har wani malami ta kira ya ƙara haske. Shi kuwa mutumin da aka hukunta, jimla guda ta ba shi, ta ce wani mai yankan makulli ne a babbar kasuwa. Masu sauraro suka yi ta bugo waya suna sa mata albarka. Ta koma gida ranar zuciyarta fari ƙal, ta kuma manta da zancen.

Sai wata safiya, an kwana biyu, suna karyawa da maigidanta, malamin makaranta ne, ta ce za ta biya kasuwa ta yanko wa babbar 'yarsu makullin gida, tunda yanzu ita ke riga kowa dawowa.

"To, amma kar ki kai wa tsohon nan na bakin ƙofa," in ji shi, yana shafa wa burodi man shanu.

"Don me? Tun muna amare shi ke yi mana."

"Ke da bakinki fa kika faɗa. Ko ba kya sauraron rediyonku ne? Shi aka kama."

Ta ajiye kofinta. "Malam, ni na ce shi ne?"

"Kin ce mai yankan makulli a babbar kasuwa. Akwai wani bayansa ne?"

"Akwai mana. Wanda aka hukunta ko furfura bai fara ba. Can ciki yake, layin masu kwaɗo."

Maigidan ya tsaya da wuƙa a hannu yana kallonta. Mutum ne da ba ya son a ce ya yi wa wani ƙarya, nan take fuskarsa ta sauya. "To ni kaina na sha ja wa mutane kunne a kansa," ya ce a hankali. "A ɗakin malamai ba wanda bai sani ba."

Ba ta ƙarasa shayin ba. Ta ɗauki jaka ta fita.

Teburin Baba Mai Makulli yana nan inda yake tun fil azal, hannun dama in za ka shiga kasuwa, ƙarƙashin wata tsohuwar laima da rana ta cinye wa launi. Ga allon da ya jera makullan da ba a yanka ba, ga magagari, ga ɗan goga. Injin ne ta gani an lulluɓe da tsumma da hantsi, lokacin da a da sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka. Baban yana zaune ya harɗe ƙafa yana kallon mutane na wucewa, su kuma suna kallon gabansu.

"Baba, ina kwana?"

Ya dube ta ta saman gilashi. Dama shi ba mai yawan fara'a ba ne, ko da can in ka kawo masa lanƙwasasshen makulli sai ya yi maka faɗa kafin ya karɓa. "Lafiya lau, 'yar rediyo. Kin zo ki ga ɓarawon naki?"

Ta zauna a bencin da masu jira ke zama, ba kowa a kai. Bai jira ta tambaya ba. Ashe daidai lokacin da aka yi shari'ar ya rufe tebur ya je an yi masa aikin ido. Shi kuwa wanda aka ɗaure, matarsa ta riƙa buɗe masa wuri tana sayar da kwaɗo, ba wanda ya lura ba ya nan.

"Na dawo da auduga a ido, ana ta yi mini barka da fitowa," in ji Baba. "Ina amsawa, ina cewa an gode. Sai da na ga mako ya shuɗe ba wanda ya miƙo mini ko makullin akwati, sannan mai shayi ya ja ni gefe ya faɗa mini."

"Ba ka ce musu ba kai ba ne?"

"Na faɗa har bakina ya bushe. Na ce ga shi can a layin masu kwaɗo, ku je ku tambaya. Sai a ce tsoho ya ji kunya, yana neman wanda zai shafa wa kashin kaji. Wa zai ɗauki maganata ya bar ta rediyo?" Ya cire gilashin ya goge da bakin riga. "Ciniki dai Allah ke kawowa, ban damu ba. Amma makullin masallacin layinmu, tun ana ginin yake hannuna. An zo an karɓa, wai don in huta. Wannan ya yi mini ciwo, 'yar nan. Har yanzu yana yi mini."

Ta ce masa za ta dawo. Ya ce kowa haka yake cewa.

Ta kutsa cikin kasuwa, ta wuce masu robobi da masu fitilu, ta shiga layin masu kwaɗo. Tun daga nesa take jin kukan inji. Mutane sun yi cincirindo a gaban wani ƙaramin tebur, yawancinsu mata, kowacce da makullin ɗakinta a hannu tana jira. Mutumin da ta gani a gaban alƙali shi ke karɓa yana yankawa, gumi na zuba. Wata mata ta ce wa ta kusa da ita gara nan, na ƙofa ba a ba shi amana. Ya ɗago ya ga Mai Shari'a, ya gane ta. Hannunsa ya tsaya, sannan ya sunkuyar da kai ya ci gaba.

Edita na gyara labaran rana lokacin da ta shiga ofishinsa ta rufe ƙofa. Mutum ne mai tumbi da gajen haƙuri, wanda ba ya fashin jam'i, amma yana da ra'ayin cewa ɗan jarida Musulmi ba ya bin addininsa da komai a bakin aiki sai faɗin gaskiya cikakkiya. Ya saurare ta har ta gama. Ta zaci zai ce ai ya sha gaya mata. Bai ce ba, abin ya fi yi mata nauyi.

"Zan yi gyara," in ji ta. "Zan ce ba Baban bakin ƙofa ba ne. Shi ke nan."

"Su nawa ne masu yankan makulli a kasuwar?"

"Biyu."

"To kin ga. In kin cire ɗaya kin nuna ɗaya. Gara ki faɗa da baki da ki nuna da leɓe, a koma ana zato. Zaton ne ya kawo mu nan."

"Ya mayar da kaya, ya yi zamansa. In na sake tono shi yanzu, na ƙara masa hukuncin da alƙali bai yanke ba. Ni ba kotu ba ce."

"Shi kuma tsohon, wane alƙali ya yanke masa wanda yake ciki?" Ya jingina da kujera. "Mai Shari'a, ba zan tilasta miki ba, shirinki ne. Kin yi shekaru kina tsare wa shari'a mutunci, kuma kin iya, ba na musu. Amma ranar nan hankalinki na kan masu zagin addini ne, bai kai kan teburin da ke bakin kasuwa ba."

Ta fita ranta a ɓace, musamman da ta san bai yi ƙarya ba.

Washegari ta je kotu da wuri, ta roƙi ganin alƙali kafin ya zauna. A ƙaramin ofishinsa ta same shi, yana neman wurin da zai ajiye kofi tsakanin tarin fayiloli. Dattijo ne mai sanyin magana. Ta kwashe labari ta faɗa masa, tana fata a ranta ya ce mata yi kaza, ta yi, in ya so nauyin ya koma wuyansa.

"Allah ya gafarta Malam, mene ne daidai?"

"Ni dai na kira sunansa a zaure, ƙofa buɗe, mutane na ji," in ji alƙalin. "Rufa asiri abu ne mai kyau, mun fi so a yi shi tun magana ba ta zo gabanmu ba. Cire zalunci daga kan wanda bai ji ba bai gani ba shi ma wajibi ne. Duk kin san wannan, ba sai na karanta miki ba."

"Na sani. Wanne zan ɗauka?"

Ya yi ɗan murmushi. "Hajiya, ni kujera aka ba ni, ke aka ba ki makirfo. Wanda aka kawo mini na gama da shi. Tsohon nan ba a kawo shi gabana ba, gabanki aka kawo shi."

Ta yi godiya ta fito. A bakin ƙofa ta tsaya tana gyara mayafi, tana jin haushin mutumin da ya ƙi ɗaukar mata kaya, alhali ta san kayan nata ne.

Ƙa'idar aiki ce ba a ambaton mutum sai an ji ta bakinsa, don haka bayan azahar, lokacin da kasuwa ke lafawa, ta koma layin masu kwaɗo. Ta same shi shi kaɗai yana share garin ƙarfe daga kan tebur. Ya miƙe ya ba ta kujerarsa, shi ya tsuguna.

"Hajiya, na san abin da ya kawo ki."

"Kana ganin abin da ake yi wa Baba?"

"Ina gani. Kullum in ce gobe zan tashi bayan sallah in faɗa wa mutane. In gobe ta yi sai in dubi yarana. Wallahi tun da na fito ban sake riƙe makullin kowa ba. Ko wanda ya lalace a gaban mai shi nake karya shi." Ya jawo wani gwangwani ya nuna mata, cike da guntayen makullai.

Ta yarda da shi, shi ne ma abin da ya fi damunta. Da ta tarar da mai taurin kai, da aikin ya zo mata da sauƙi.

"Zan faɗi sunanka a shirin gobe," in ji ta. "Na zo ne kada ka ji a sama. In kana so ka yi magana da bakinka, ga rakoda, zan sa muryarka yadda ka faɗa."

Ya dubi rakodar kamar za ta cije shi. "A'a. Mahaifiyata ba ta rabuwa da rediyo. Ta ji sunana ma ya ishe ta, ba sai ta ji muryata ba. Ba yadda za a yi a bari?"

"Na nema, ban samu ba."

Bai yi mata magiya ba, bai kuma zage ta ba. Ya daɗe yana juya gogan da ke hannunsa.

"To abu ɗaya nake roƙo. In za ki faɗa, ki faɗa duka. Ki ce na mayar da kayan, na yi zaman da aka yanke mini. Kar ki tsaya a wajen satar."

"Ba zan tsaya ba," in ji ta.

Da la'asar ɗin washegari ta shiga ɗakin watsa shirye-shirye, ta sa abin ji a kunne, ta jira jar fitila ta kama. Muryarta ba ta yi rawa ba, shekaru sun koya mata wannan. Ta ce a wani rahoto da ya gabata ta ɓoye suna da niyyar rufa asiri, sai zargi ya sauka a kan wanda bai yi komai ba. Ta kira sunan Baba, ta ce bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, yana asibiti ne lokacin, ta roƙe shi gafara a gaban kowa. Sannan ta ja numfashi ta faɗi sunan wanda kotu ta hukunta, karo na farko da irin wannan suna ya fita daga bakinta. Ta ce ya amsa laifinsa, ya mayar da kaya, ya gama zamansa, shari'a ba ta binsa komai. Wannan wajen har maimaita shi ta yi, a hankali, yadda take yi in tana son abu ya zauna. Da fitilar ta mutu, mai kula da na'ura ya ɗaga mata hannu ta bayan gilashi. Ba ta ji daɗin komai ba, gajiya kawai ta ji.

Ta bari mako ya zagayo kafin ta koma kasuwa. Tun daga titi ta jiyo injin Baba. Bencin ya cika, wasu na tsaye, shi kuwa yana ta yi wa wani mutum faɗa a kan makullin da ya yi tsatsa. Ya hango ta, ya ɗaga mata magagari.

"'Yar rediyo, kin jawo mini aiki, ko ruwa ban sha ba tun safe."

A wurin Baba wannan godiya ce, ta karɓa a haka. Ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta, amma ba duka ba. Ƙafarta ta ja ta zuwa ciki.

A layin masu kwaɗo ba cincirindo. An kifa teburin a kan amalanke, ƙafafunsa na kallon sama, matar na ɗaure allon makullai da igiya. Shi kuma yana kwance ƙusoshin da suka riƙe injin. Matar ta dube ta sau ɗaya ta kawar da kai.

"Sannu da aiki," in ji Mai Shari'a. "Ina za ku?"

"Duk inda ba a san ni ba. Mai rumfar ya ce in ba shi wurinsa." Ya ɗaga injin, ya rungume shi ya kai kan amalanken, ya dawo yana goge hannu a wando. Babu fushi a fuskarsa. "Na saurara, Hajiya. Kin cika alkawari. Kin ce na mayar da kaya, kin ce na gama zamana. Har sau biyu kika faɗa."

"Na faɗa."

"Ni da mahaifiyata mun ji," in ji shi. "Ban ga wani da ya ji wannan wajen ba."

Ya kama hannun amalanken ya ce wa matarsa su tafi. Layin matsattse ne, sai da Mai Shari'a ta manne da bangon wani shago ta ba su hanya.